Wushiryar Dogo

Ƙawata Mai Kyamara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya jikin Mama? Ina fata ciwon ƙafar ya lafa. Mu nan da sauƙi, sai dai gidan ya yi mana girma tun rasuwar Dogo.

Wata alfarma nake nema. Kin san mijin nan nawa da ƙin hoto, ko a na aurenmu ƙeyarsa ce ta fi fitowa. Ke kaɗai kika taɓa zaunar da shi, lokacin da kike aikin nan naki kan irin kallon da ake yi wa makanikai. Hotuna biyun da kika ba mu su kaɗai gare mu masu nuna fuskarsa. A ɗaya kin shafe shi da baƙin mai har kunne, kin sa yana cusa sabon fulogi a aljihu yana waige-waige, sannan kika ƙara masa jan ido a kwamfuta. A ɗayan kin sa masa farar riga da tabarau, kin goge tabon goshinsa, kin toshe masa wushirya, wai injiniya. Ranar da ya gan su ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce yanzu miji biyu gare ni, sai in zaɓa.

Jiya 'yarki ta ɗauko su daga kan durowa, ta jera a katifa, ta tambaye ni wanne ne Babanta na gaske. Na farkon tsoro yake ba ta. Na biyun kuwa, ni kaina da a hanya na gamu da shi, gaishe shi zan yi in wuce. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne fuskarsa ta fara kuɓuce mini. In na rufe ido, mai tabarau nake gani.

Don Allah ki nemo mini na asali, na kafin ki taɓa su. Ko wanda ya lalace ne, ina so. Ki gaida Mama.

Taki,
Maman 'yarki

Ƙawata,

Ina gaisuwa, da fatan mutanen gida suna lafiya. Saƙonki ya iso, kuma na gane bayanin: in kin gama gyara, goge na asali kike yi don katin kyamara ya samu wuri.

Ba zan ɓoye miki ba, na yi fushi. Wuni na yi ina wanke kwanuka ina yi miki faɗa a raina. Kin adana ɓarawo, kin adana injiniya, mutumin da ya zauna miki a kujera shi ne kika ga ya cika miki kati! Na yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar. Daga baya na huce, don wa ya san ba zai ga ƙarshen shekarar ba?

Sai da yamma na iya buɗe hoto ɗayan da kika turo kika ce ya tsira, na gwajin haske. Kujera ce ba kowa a kai, sai hannu ta gefe riƙe da kofin shayi. Ga baƙin mai na gaske a ƙarƙashin farce, ga babban yatsan nan da ƙofar mota ta taɓa datsewa. Ina cikin kallo 'yarki ta leƙo ta kafaɗata, ta yi tsalle tana cewa hannun Baba ne. Ko tambaya ba ta yi ba.

Da ta yi dariya na dubi bakinta. Sababbin haƙoranta na gaba sun gama fitowa ban lura ba, kuma da wushirya suka fito, tasa sak.

Ki zo da kyamararki duk ranar da kika samu sarari, ki ɗauke ta tana dariya. Kada ki sa mata wata riga, kada ki gyara komai. In kin gama kuma, don girman Allah kada ki goge.

Taki har kullum,
Matar Dogo