Boris Mai Farin Shafe

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da maigidan. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, ina taya ki murnar miji. Samun mai tsabta irinsa sai an tona. Ko ƙarfe ya gani da ɗan shafe a jiki, ba ya samun sukuni sai ya goge shi ya ga fuskarsa a ciki.

Kin san ni ke kai wa masana'antarsu boris, ƙarfen nan mai 'ya'ya a ciki da sandar inji ke juyawa a kansa. Manyan injinan lantarki suna da wani mugun hali. Wuta kan ɓalle ta hau sandar tana neman hanyar ƙasa, in kuwa ta bi ta cikin boris sai ta cinye shi kamar gara. Shi ya sa ake yi wa bayansa wani farin shafe mai tare ta. Wannan shafen shi ne tsadar kayan, shi ne amfaninsa.

To, gwanin naki ya zo sakawa ya ji ya ɗan matse, sai ya sa samfefa, takardar nan mai kaushi, ya kankare shafen tas. Ba a jima ba inji ya fara kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta, aiki ya tsaya cak. Da aka buɗe, cikin boris duk tsaga ce jere, kamar an yi masa zanen fuska.

Kuskure kowa na yi, Yaya. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, a gaban manaja, ina tsaye, mijin naki da na yi wa hanyar aikin nan ya dafa ƙirji ya shaida cewa jabu na kawo. Bai ko dube ni ba. An hana ni shiga ƙofar, labari kuma ya riga ni isa layinmu. Har mai shagon da ke kallon nawa, wanda bai san boris daga murfin tukunya ba, yanzu Alhaji Jabu yake kirana.

Boris ɗin yana wurina, sawun samfefa ɓaro-ɓaro a bayansa. In na nuna wa manaja na wanku, amma mijinki zai dawo miki gida zama. Shi ya sa na fara da ke.

Ƙaninki,
Mai Boris

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar gida, na gode da ziyara. Rabonki da shagona tun ranar da na buɗe shi, sai ga ki da kanki, har da kuka, har da tuna mini goyon da kika yi mini. Na yi miki alkawarin yin shiru, kuma da zuciya ɗaya na yi.

Sai bayan tafiyarki na leƙa ƙarƙashin kanta inda na ajiye boris ɗin na ga wayam. Ashe gwiwar ta warke, tunda kin iya ɗaukar wannan uban ƙarfe a jaka yayin da na fita sayo miki lemo. Da tambayata kika yi, wallahi da ni zan kai miki shi har mota. Wannan ne ya fi shaidar mijinki yi mini ciwo. Na sha ganin cuta a kasuwa, amma koyaushe daga gaban kanta take zuwa.

Na ji an ba ƙanin maigidan kwangilar da aka ƙwace mini. Allah ya sa albarka. Wani makanike a can ya tsegunta mini cewa sabon boris ya iso, ya ɗan matse, kuma an ga gwanin naki ya aika a sayo samfefa, don har yau ya rantse shafen nan fenti ne kawai.

Ni dai ba na shiga ƙofar yanzu, ba kuma ni na kawo wannan ba. In injin ya sake kuka, wa kuka tanada a dangi da zai ɗauki laifin?

Ki gaida yara.

Ƙaninki har kullum,
Mai Boris