Numfashin Khalifa

Litinin, 2 ga Oktoba 2023

Ranar awo. Khalifa wata takwas, kilo goma sha ɗaya da rabi. Matan da ke layi sai taɓa cinyarsa suke suna masha Allah. Madam Uwani mai awo ta dube ni ta saman gilashinta, ta tambayi abin da nake ba shi bayan nono. Na ce kunu. Ban faɗi madarar gwangwani mai zaƙi ba, da biskit jiƙe a shayi. Na dawo gida raina fari tas.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Mura. Hanci ya toshe, yana kama nono yana saki.

Asabar, 7 ga Oktoba

Tari ya sauka ƙirji. Numfashinsa na fita da wani siririn sauti kamar fito. Maigidana Ilu ya dawo daga gonar tattasai a bakin kogin Komadugu, ko ƙafa bai wanke ba ya ɗaga rigar yaron. Ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, duk da tsokar nan tasa. Ya ce, "Maman Khalifa, ɗauko mayafinki." Na ce yaro mai jiki irin wannan mura ba ta kayar da shi. Ya fita neman kabu-kabu.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Gidan likita, ɗakin yara. An sa masa robar oksijan a hanci, yana ta son fizgewa.

Lokotoro Zarami ne likitan da ke duba shi, dogo, Hausarsa da harshen Barebari. Ya lakaci majinar yaron da ɗan tsinke mai auduga don a gwada. Na roƙe shi allura mai ƙarfi. Ya ce ƙwayar mura ce ta shiga ƙananan hanyoyin iska ta kumbura su, irin wadda allurar da nake nufi ba ta kashewa. Iska, ruwa da haƙuri. Ya ce akwai wasu ƙwayoyin da dama can suna zaune a hanci da maƙogwaron kowane jariri, in suka samu ƙofa suka ƙara wutar, to a lokacin zai ba da magani.

Sannan ya buɗe karnen awo, ɗan littafin da ake rubuta nauyinsa. Ya daɗe a kai.

"Ƙanwata, nauyin nan ya yi masa yawa. Ƙirjin ƙarami ne, ga kumburi, ga kaya a kai." Ya ce masu bincike na zargin kumburin yakan fi tsanani ga yara masu ƙiba, har ƙwayoyin hancinsu ma ƙila ba iri ɗaya ba ne da na sauran, amma ba a gama ganewa ba tukuna.

Na ji haushinsa. Ɗana ne kaya?

Litinin, 9 ga Oktoba

Ya ƙi nono tun safe. Na tatsa a kofi, ana ba shi ta siririyar roba. Rabi ya zube a zanina.

Da azahar lokotoro ya same ni ina kuka a baranda. Ban san yadda aka yi na gaya masa ba. Sansanin Assaga, shekarar da muka gudo daga Damasak. Maimunatu, 'yata ta fari. Nonona ya ƙafe a hanya. Igiyar awon da aka zagaya wa damtsenta ta nuna ja, damtsen bai fi yatsuna biyu ba. Wata goma ta yi a duniya. Da na ɗauke ta a likkafani ban ji nauyin komai ba.

Na ce masa tun daga ranar na yi alkawari, in Allah ya sake ba ni, ba wanda zai ƙirga haƙarƙarin ɗana.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ba yunwa zan sa ki yi masa ba. Nono ki ci gaba. Sukarin nan da madarar gwangwani za mu ajiye. Kuma ba kowane kuka ne na yunwa ba."

Ilu na tsaye bayana ashe, da kwanon abinci a hannu. Shekara bakwai bai ambaci sunanta ba. Ya ce a hankali, "Hancinsa irin nata ne." Ya ajiye kwanon ya tafi salla.

Laraba, 11 ga Oktoba

Babu zazzaɓi. Ba a buƙaci maganin ba. An rage oksijan.

Juma'a, 13 ga Oktoba

An cire robar. Ya kama nono da hannu biyu, yana sha yana harara ta kamar ni na yi masa laifi. Na sa kunnena a bayansa na daɗe. Fiton ya tafi, saura ɗan kurkur. Gobe sallama.

Talata, 24 ga Oktoba

Kunu ba sukari, da ɗan wake da zogale. Ya tofar sau uku, na huɗu ya haɗiye yana ɓata fuska. Ni ce na fi shi wahala. Gwangwanin madarar na kan kanta, ban zubar ba, ban buɗe ba.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Yau ya yi rarrafe. Daga tabarma har gindin turmi, yana haki yana dariya, gwiwoyi duk ƙasa.

Hajja maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, ta ɗaga shi sama ta ce, "Sa'a, yaron nan ya faɗa. Ina kumatun?"

Na ji bakina ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, Hajja. Tsawo yake yi."

Bayan fitarta na zagaya damtsensa da yatsuna, sau ɗaya kawai. Ya fizge hannunsa ya bi kaza. Na bar shi.