Dariyar 'Yar Tulu

Litinin, 3 ga Maris

Yau muryar ta ƙi. Shekara ashirin da takwas ina yin 'Yar Tulu a shirin yara na gidan rediyo, ƙaramar aljanar nan mai ɓoye allura da warin takalmi, ban taɓa maimaita layi sau uku ba. Yau sai da na yi tara. Da na zo wajen dariyarta, tari ya sarƙe ni. Mai ɗaukar sauti ya sunkuyar da kai, yana ta murɗa maɓallan da ba su yi masa laifin komai ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Likita ya leƙa maƙogwarona, ya ce maƙogwaron ya gaji. Hira ba matsala, amma siririyar murya sai dai haƙuri. Na ce, likita, da ita fa na raini 'ya'ya huɗu. Ya ce, to ai ta yi aikinta.

Asabar, 8 ga Maris

Sun maimaita tsohon shiri. Na kashe rediyon.

Talata, 11 ga Maris

Shugaban shirin ya kira ni ofis. Shi ɗin nan da ya aiko wasiƙa yana ɗan aji uku, wai a roƙi 'Yar Tulu ta dawo masa da fensirinsa. Yau ga shi da furfura a gemu, yana ta sosa ƙeya. "Mama, ko dai ki koya wa wata, ko mu rufe tulun ƙarshen wata." Wai akwai mai karanta sanarwa, muryarta za ta dace. Na ce masa murya ba zane ba ce da za a ara a ɗaura.

Juma'a, 14 ga Maris

Kaka nake ta tunawa. In abu ya ɓata a gidanmu ba ta zargin kowa. Sai ta ce ƙananan aljanu ne suka ɗauka, ta kafa kofin silba a baki ta yi magana da muryarsu, tana ba su haƙuri tana amsa wa kanta. Mu kuwa dariya har da birgima, wanda ya ɗauka ya lallaɓa ya mayar. Ba a taɓa dukan yaro a kan allura ba a gidan nan. Daga bakinta na ɗauko 'Yar Tulu, kofin da nake aiki da shi ma nata ne.

Aljanun talabijin na yanzu, in ba masu fukafukai da ƙyalƙyali ba, to masu jajayen ido ne da ke hana yara barci. Babu mai ɗauke maka takalmi ya dawo da shi don ka roƙe shi da ladabi. Na yi kewar tsohuwar nan ƙwarai.

Laraba, 19 ga Maris

Na je kwashe kayana, na tarar mai sanarwar tana gwaji. Na tsaya bayan gilashi. Muryar ba laifi, gaskiya ɗaya ce. Amma dariyar kamar akuya ta shaƙe. Turo iskar take yi waje, ba ta san 'Yar Tulu ciki take jan dariyarta ba. Ta fito ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Mama, da muryarki aka yaye ni." Na ce Allah sarki, na sa kofina a jaka na kama hanya.

Asabar, 22 ga Maris

Maigida ya ce, "Wato gara ta mutu a hannunki da ta rayu a bakin wata?" Na ce ya sha shayinsa kada ya huce. Ni ma nawa sai zubarwa na yi.

Alhamis, 27 ga Maris

Saura kwana huɗu a rufe. Na bi ta gidan rediyon, hanyar kasuwa ce dai. Na tarar da mai sanarwar, na ce mata, 'yar nan, ja iskar ciki, kada ki turo. Ta yi ya fi sau ashirin, har na fara jin haushi. Da ta samu kuwa, tsigar jikina ta tashi, sai da na nemi kujera.

Kofin Kaka na ba ta aro. Sau biyu na faɗa mata aro ne.

Asabar, 5 ga Afrilu

Don labarai na kunna rediyon. Shirin ya shigo ina wanke-wanke, hannuna duk kumfa, shi ya sa ban kashe ba. Ta yi gaggawa a layi na biyu, zan gaya mata. Da 'Yar Tulu ta ce, "Wa ke neman warin takalminsa?" sai na ji wata tsohuwa a kicin ta amsa da ƙarfi, "Ni ce." Maigida ya leƙo, na ce masa ba da shi nake ba.

Ban taɓa sauraronta ba sai yau, kullum ina cikin tulun. Ashe haka take da daɗi.