Garejinka da Hanyar Shanu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama a makwancinka. Mu nan Dagumawa lafiya lau muke. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, amma bai hana ta yi mana faɗa ba. Damina ta yi kyau, gero ya shigo gida, dawa muke jira. Shekara huɗu ke nan da rasuwarka, amma har yau idan wani abu ya faru a gidan nan sai in tsinci kaina ina shirya yadda zan ba ka labarinsa. Na wannan karon ya yi tsawo, shi ya sa na zauna na rubuta.

Maganar garejinka ce. Saura kaɗan in sa a rushe shi, Baba, kuma da ƙafata na je na nemo abin.

Akori-kurarka tana ciki inda ka bar ta. Tayoyin sun sace, kaji sun mayar da bayanta wurin ƙwai, amma kujerar direba har yanzu tana da lotsawar zamanka. Sau uku 'yan gwangwan suna zuwa taya ta, sau uku ina sallamarsu. Ba na iya ganin a yanka motar da ka yi shekaru kana kai tumatir Kano da ita, kana dawo mana da burodi a kan gaban mota ya yi ɗumi.

To sai ga shi ni ma na yi tawa motar, kuma garejin mota ɗaya yake ci. Tawa ce take kwana a waje, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, har fentin saman ya fara ɓarewa. Surukarka Hadiza ta sa ni a gaba da tsokana, wai a duk ƙasar Wudil gidanmu ne kaɗai motar da ke tafiya take kwana a tsakar gida, wadda ba ta motsi kuma tana da ɗaki. Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Na yanke shawarar faɗaɗa garejin ta arewa, taku takwas, yadda motocin biyu za su zauna gefe da gefe.

Ka san halina. Magini cewa ya yi in kawo siminti kawai a fara, wa ya taɓa neman izinin ginin gareji a ƙauye? Ni kuwa shekara ashirin ina aikin fayil a jami'a, ba na iya ɗora bulo a kan bulo babu takarda. Ba banza ka sa mini Akawu ba tun ina firamare. Kuma an sha yin shela cewa unguwarmu tana bakin burtali da makiyaya, duk wanda zai yi gini a nan sai ya nemi izini, domin wuri ne da hukuma ta keɓe wa dabbobi.

Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai wani dalilin da ban faɗa wa kowa ba. Ka tuna zirin gonarmu da ke arewa da garejin, mai faɗin taku goma sha biyu, wanda ba mu taɓa shukawa ba saboda shanu na bi ta ciki zuwa fadama? Tun ina saurayi abin yake ci mini rai. Na taɓa tambayarka me ya sa muke barin Fulani suna tattake mana ƙasa, ka ce, "Bar su su wuce, Akawu, ba sa daɗewa." A zuciyata na ce Baba ya cika sanyi. Don haka so nake in sami takarda mai hatimi da za ta ce zirin nan namu ne, in ɗora gini a kai, in ga wanda zai yi magana.

Na je ofishin ƙasa a Wudil. Na cike fom, na kai zanen gini, na kai hoto, na kai wasiƙar Mai Unguwa. Komai na jera shi a fayil tsaf, har ma'aikacin da ya karɓa ya ce da kowa haka yake zuwa da sun huta. Na dawo gida ina jin kaina.

Bayan mako biyu suka turo safiyo, wani Malam Yohanna, mutum mai sanyin magana. Ya kafa na'urarsa mai ƙafa uku, ya shimfiɗa wata tsohuwar taswira a kan motata, ya yi ta awo tun hantsi har aka kira azahar. Da ya gama sai da ya sha ruwa, ya yi godiya, sannan ya kira ni gefe. Ya ce, "Malam Nasiru, wurin da kake son ginawa naku ne, babu shakka. Wanda aka riga aka gina ne ba naku ba."

Ya nuna mini da yatsa. A taswirar hukuma, burtalin ba ta arewa ya bi ba. Ta tsakiyar garejinka ya ratsa, daga ƙofa har bangon baya. Ya ce idan na gine zirin arewa, doka ba za ta hana ni ba, amma shanu ba su da sauran hanya sai ta asali, kuma duk ginin da ke kan hanya ta asali sai an ɗauke shi. Ko ban gina komai ba ma, dole ya rubuta abin da ya gani. Bai shafa jan fenti a bangon ba. Ya ce kwamiti zai zauna nan da mako uku, idan akwai wani bayani in kawo.

Baba, ranar ban iya cin abincin rana ba. Na ji haushin kaina, ginin da ya yi shekara talatin da wani abu ba wanda ya kalle shi, ni na je na ɗauko masa ido. Kuma na ji haushinka, Allah ya yafe mini. Na ce ashe mutumin da yake hana mu tsinkar mangwaron maƙwabci ko da reshen ya leƙo gidanmu, shi ne ya gina gareji a kan hanyar dabbobi.

Masu ba da shawara ba su yi wuya ba. Wani ya ce ai gaba ta kai ni, in bar su su rushe tsohon ginin ƙasa, in gina sabo babba na bulo a zirin da doka ta ba ni, in tura motarka ciki. A lissafi gaskiyarsa ne. Amma kai ka gina bangon nan da hannunka, kai da ƙaninka, a rani guda. Ga ƙusoshin da kake rataye sifana, ga inda kake goge bakin mai daga yatsunka a jikin ƙofa. Sabon gini ba zai zo da waɗannan ba.

Kwana biyu ina juya maganar kafin in gaya wa Inna, don ina tsoron ta tayar da hankalinta. Na same ta da la'asar tana tsintar wake a faifai. Na kwashe komai na faɗa mata. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Ai musaya suka yi." Na ce musayar me, da wa? Ta ce da Arɗo Buba mana, ita ce ma ta dama musu furar da suka sha. Na ce to don me ba a taɓa gaya mini ba? Ta ce, "Kai wannan, wa ya tambaye ni?" Ka san har yau ba ta kama sunana.

Washegari na tafi rugar Arɗo Buba, can ta hanyar Utai. Ya tsufa ƙwarai, idanunsa sun yi hazo. Ina yin sallama ya ce wannan muryar gidan Malam Habu Direba ce. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya yi maka addu'a. Ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya, sai da na sha sannan ya bar ni na faɗi abin da ya kawo ni.

Shi ya ba ni labarin da kai ba ka taɓa ba ni ba. Ya ce tsohon burtalin yana gangarawa ne ta bayan gidanmu, sai wata damina mai ƙarfi ta zaizaye ƙarshensa ya zama kwazazzabo. Wata saniyarsa mai ciki ta zame ta faɗa, ta karye, sai yanka ta aka yi. Kai ka zo da igiyar motarka kuka jawo ta. Ya ce kana tsaye hannunka duk laka ka ce masa hanyar nan ta mutu, su riƙa bi ta gonarka inda ƙasa take da tudu. Shi kuma ya ce ba zai karɓa haka kawai ba, ka ɗauki guntun tsohuwar hanyar ka yi amfani da shi, tunda ba dabbar da za ta sake bi. Kuka kira Mai Unguwa na lokacin, aka raba goro, aka shafa fatiha, magana ta ƙare. Ya ce ka ba da taku goma sha biyu na ƙasar da take ba da dawa, ka karɓi taku shida na ƙasar da ba ta ba da komai, kuma ka hana shi faɗa wa mutane don kada a ce ka yi don a yabe ka.

Na rasa inda zan sa fuskata. Na gode Allah da idanunsa ba sa gani sosai.

Ranar zaman kwamiti na je na ɗauko shi da motata, ya zauna a gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi, Mai Unguwa na yanzu yana baya. A ofishin aka ba shi kujera, ya maimaita labarin kamar yadda ya faɗa mini, bai ƙara ba bai rage ba. Suka saurare shi da ladabi. Shugaban kwamitin ya ce sun yarda da shi, amma maganar baki ba ta gyara taswira. Hanya ɗaya ce. Idan magada za su ba da zirin arewa a rubuce, duka taku goma sha biyun, har abada, a kafa masa turakun siminti, to za su nemi a mayar da burtalin can a taswira, garejin kuma ya zauna a inda yake.

Ka ga yadda abin ya juya. Na je neman taku takwas, an ce in ajiye goma sha biyu. Na fita waje na kira ƙannena ɗaya bayan ɗaya, don ba ni kaɗai na gaje ka ba. Babu wanda ya ja. Binta ma cewa ta yi ai dama ba namu ba ne, mu ne ba mu sani ba.

Faɗaɗawar kuwa sun yarda, amma ta kudu, ta cikin gida, taku biyar kacal, inda rumfar awakin Inna take. Sai da na yi kwana uku ina lallashinta kafin ta yarda a mayar da awakin gindin dalbejiya. An gama ginin makon jiya. Motata tana shiga idan na naɗe madubi, kuma ta ƙofar fasinja nake fitowa. Hadiza tana tsayawa ta kalle ni ina rarrafowa, dariya tana cin ta. Amma motocin biyu suna ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma bangonka ko tsagewa bai yi ba.

Abin da na fi so in gaya maka shi ne na ranar sa hannu. Malam Yohanna ya miƙo mini takardar bayar da zirin. Akwai layin da aka rubuta sunan mai bayarwa. Na ɗora biro zan rubuta nawa, sai hannuna ya ƙi. Na rubuta Malam Habu Direba. Ya duba, ya ce cikin tausasawa, wanda ya rasu ba ya ba da ƙasa a takarda. Na ce masa, "Ya bayar tun yana da rai. Ni ban ba da komai ba, ƙwacewa ma na zo yi." Ya ɗauki takardar ya shiga wurin shugabansu. Da ya fito bai goge sunanka ba. A ƙarƙashinsa ya ƙara layi ɗaya da hannunsa, cewa magadansa sun tabbatar, muka sa hannu a nan.

Ka yafe mini zaton da na yi maka, Baba, na shekarun baya da na kwana biyun nan. Na zauna da kai shekara arba'in ina ganin na san ka, ashe mafi kyawun abin da ka yi a bayan ɗakina yake, kullum ina wucewa ina hararar sa.

Jiya Alhamis da yamma wani garke ya bi ta tsakanin sababbin turakun, za su kwana kusa da kara saboda kasuwar shanu ta Juma'a. Na tsaya a bakin garejin har na ƙarshensu ya gangara ruwa. Allah ya sa duk dabbar da ta taka wurin nan ta je ta sha, ladan ya iske ka. Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi fiye da yadda ka yalwata wa bayinsa hanya, ya gafarta maka, ya haɗa mu a Aljanna.

Inna ta ce in gaishe ka. Na ce mata wasiƙar ba za ta je ba, ta ce in dai rubuta.

Ɗanka mai kewarka,
Nasiru.