Dashen Da Ya Ƙi Kamawa

Kahu, Kibiya.

Zuwa ga ƙanena Tajuddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, ya kuma ba ku haƙurin zaman Fatakwal da ruwan samanta da ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. An gama yankan dawa, gwiwar Iya ta yi sauƙi har ta koma faɗa da awakin maƙwabta, Maijidda tawa kuma ta shiga izu na ƙarshe. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Ramalan direba alhali ga waya. Dalili kuwa, duk lokacin da ka kira Baba yana kusa, kafin in buɗe baki ya karɓe ya ce maka lafiya lau, kai kuma da saurin yardarka ta tun ƙuruciya sai ka yi hamdala ka kashe.

To, ba lafiya lau ba ne. Haƙoran gaban nan da ka kai shi Kano aka dasa masa bayan babbar salla ba su zauna ba. Dasashinsa ya kumbura, yana fitar da mugunya, zogin yana hawa har cikin kunne. Tuwo ya gagare shi, sai kunu da fura mai ruwa-ruwa, su ma da gefen baki yake sha. Ya rame, Taju, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

Idan na dube shi yana tura kunu da ƙyar sai in tuna bakin Baba na da, kafin babur ya kayar da shi a hanyar Rano haƙoran gaba su zube. Ka tuna yadda yake zaunar da mu a bakin fadama ya ɓare mana rake da haƙori, ɓawon yana tafiya tun daga sama har gaɓa bai tsinke ba? Kullum sai ka yi kuka wai ni ya ba gindin, kai ya ba ka kan da ba zaƙi, shi kuma ya yi ta dariya har hularsa ta karkace. Da fito yake kiranmu daga gona, muna tsakar gida muna jinsa, kuma kowa da irin nasa: nawa gajere, naka dogo, don ya san sai an ja maka kafin ka taso. Ko kwalbar lemo da salla ba ma neman mabuɗi. Wallahi ina kewar wannan mutumin, ga shi kuwa yana zaune a gabana. Bayan faɗuwar nan da ya koma rufe baki da hannu in zai yi dariya, ya daina zama a dakalin ƙofar gida, na san abin ya ci maka rai. Abin da ka yi alheri ne, kuma babu wanda ya ce ba haka ba.

Inda aka samu matsala shi ne kalmar da likita ya yi amfani da ita. Ya ce masa dashe za a yi, Baba kuwa da kunnen manomi ya ji. Mutumin da ya tsufa yana dasa albasa da mangwaro ai ba ka koya masa dashe. Da ciwo ya fara, na ce mu koma asibiti, sai ya ce in bar shi, wane dashe na taɓa gani da bai yi yaushi ba kafin ya miƙe. Da kumburi ya zo, ya ce saiwa ce take neman hanya. Abin da ya fi ba ni haushi ban gano shi da wuri ba, Iya ce ta tsegunta mini. Ashe kowace safiya bayan ya idar da lazimi sai ya sa yatsu biyu ya ɗan girgiza haƙoran, kamar yadda yake jan ƙaramin mangwaro ya ji ko ya riƙe ƙasa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, yana kallona kamar ni ce ban san aiki ba.

Da ƙyar mijina ya lallaɓa shi muka koma Kano. Likitan ya ɗauki hoton muƙamuƙi, ya nuna mana cewa 'yan ƙarafan da aka kafa a ciki ba saiwa suke yi ba, ƙashi ne ya kamata ya manne musu, kuma ƙashi ba ya manne wa abin da ake motsawa. Ya ce ciwon sugan Baba ma ya taimaka wajen hana wurin warkewa. Yanzu ruɓar ta fara cin ƙashin, dole a cire su a wanke wurin, in an jinkirta za ta iya bazuwa ta zama abin da ba ma fata. Ya ba da magani ya ce mu dawo cikin makon nan.

Muka shiga mota muka kamo hanyar gida. Da muka wuce Rano sai Baba ya ce shi ba za a cire masa komai ba. Na ɗauka tsoron allura ne, har na fara tsokanarsa, sai ya ce ba nasa ba ne da zai ba da izini. Ka san halinsa a kan wannan. Har yau gwaibar da marigayi Baffa Ƙasimu ya dasa a tsakiyar gonarmu tana nan tana tare wa garma hanya, ya ƙi sarewa, wai ƙasar ce tasa, itacen na wanda ya dasa ne. To haka ya ɗauki haƙoran nan. Ya ce yaro ya hana kansa ya yi wa ubansa dashe, ba zai zama shi ne ya tuge ba, kuma ba zai iya kallon idonka da giɓi ya ce abinka bai yi ba. Yana faɗa hawaye na zubo masa, ban sani ba ko na zogi ne ko na wannan.

Saboda haka ina roƙonka, ranar da takardar nan ta shiga hannunka ka kira shi. Kada ka tambaye shi jiki, ka san amsar da zai ba ka. Kada kuma ka ce za ka sa a yi masa wani, don sai ya ce a bar wannan ya gani tukuna. Ka gaya masa kawai kai ne mai dashen, ka yafe, a cire. Ni da Iya da likita duk mun yi iyakar yinmu, bakinka kaɗai yake jira.

Ka gaishe mini da Afra'u da kyau, da Amiru, da 'yar lelena Mufida. Iya tana sa muku albarka, Maijidda da babanta suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri, ya bar mana tsohon nan ko da ba haƙori ko ɗaya a bakinsa.

Taka yayarka,
Salamatu.