Takalmi Lamba Talatin da Uku

Litinin, 5 ga Mayu

Ɗana Babana ya zo da rana, maganar aikinsa ta sake tashi. Yaro ya yi karatu, a ce sana'arsa raka baƙi kan dutse. Na ce masa hankalina bai kwanta ba. Ya ce, "Umma, ki hau sau ɗaya ki gani. In kika sauko kika ce in bari, wallahi na bari."

Ya rantse, kuma na san halinsa. Abincinsa ya dawo bakina ke nan. Ban so haka ba.

Sharaɗinsa ɗaya: ba ya hawa da mai silifa.

Laraba, 7 ga Mayu

Yaya ta raka ni shaguna. Takalman manya duk sun yi mini yawa, ni lamba talatin da uku ce. Wani mai shago ya leƙa ƙafata, ya nuna mini ɓangaren yara. Wani ruwan hoda, ƙasansa yana walƙiya in an taka. Yaya har da riƙe ciki: "Saya mana, ko kin ɓata a dutsen a hango ki." Na ce Allah ya shirye ki, Yaya.

Tun ina budurwa auduga nake cusawa a gaban takalmi. Kowa ya san ba na son tafiyar ƙafa. Ni ma haka na sani.

Asabar, 10 ga Mayu

Babana ya tura ni wani ƙaramin shago a bayan tasha. Mace ce mai shi. Ba ta tambayi lamba ba, zama ta yi a ƙasa ta ɗora ƙafata a cinyarta. Kunya ta kama ni. Ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta ce in miƙe ta sake aunawa. Wai ta hagu ta ɗan fi ta dama. Shekara hamsin da 'yan kai ina wanke su a alwala, ban sani ba. Ikon Allah.

Ta ce na yara ba zai ɗauke ni ba, ƙasansa laushi ne, kuma dunduniyar babba daban take. Za ta sa a kawo daga nesa. Na tambayi fatar mece ce. Ta duba ta ce ta saniya, har ta ciki. Na ce ta ƙara dubawa, ba ta ji haushi ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Takalmi shiru. Wata zuciyar tana cewa da ma kar ya zo, in huta da yanke hukunci. Astagfirullah.

Juma'a, 23 ga Mayu

Ya zo. Ta ba ni safa mai kauri, ta ɗaure igiyar da kanta har idon sawu. A shagon akwai 'yar gangara ta katako da aka manna wa duwatsu. "Mama, sauko, ki faɗa mini in yatsa ya daki gaba." Na sauko. Babu abin da ya daki komai. Na sake hawa, na sake saukowa, har ta fara dariya.

Ashe haka mutane suke ji a ƙafafunsu?

Litinin, 26 ga Mayu

An ce in saba da shi. Da shi na je kasuwa, a ƙarƙashin doguwar riga. Na bi doguwar hanya na dawo.

Asabar, 31 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Babana yana gaba, muna bayansa, ni da baƙinsa. Bai taɓa waiwayowa ya ce in yi sauri ba, amma duk inda numfashina ya yi sama sai ya tsaya, wai zai nuna mana wani tsiro. A nan na gane wayonsa. Wani dattijo ya firgita a wata siririyar hanya, ya kasa gaba ya kasa baya. Babana ya koma ya tsaya tsakaninsa da ramin, yana masa hira ƙasa-ƙasa har ya wuce. Ɗan da ni na goya.

A sama kuwa, gajimare yana ƙasa da mu. Ƙasa da mu! Tsuntsu na gani ta bayansa yana shawagi. Ayoyin duwatsu da na haddace tun ina kan allo, yau suka yi mini nauyi a baki. Na yi azahar a kan falalen dutse, na daɗe ban ɗago daga sujada ba.

Ƙafata ko ƙuna.

Lahadi, 1 ga Yuni

Ya kira. Ya tambayi gwiwata, ya tambayi bayana, sannan ya tsaya jira. Na san abin da yake jira. Na ce ya riƙa cin abinci kafin ya hau, na ga ya rame.

Talata, 3 ga Yuni

Yaya ta ce, "To, kin raba shi da aikin awakin?" Na ce ba a gaggawa da abincin mutum. Ta kalle ni ta ce uhm.

Wai akwai tafki a bayan dutse na biyu, ruwansa kore, sai an kwana a hanya. Tambaya kawai na yi wa Babana, ko masu shekaruna suna kaiwa. Ya ce Asabar ta sama akwai gurbi.

Ban ce masa zan je ba. Na dai gaya wa waɗanda nake yi wa ɗinki kar su zo karɓar kaya ran Asabar ɗin.