Fistin Motar Yaya

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyali, ya ƙara maka ƙarfin jiki da kwanciyar hankali a inda kake. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zagaya tsakar gida tana neman wanda za ta yi wa faɗa. Yaya Babba ta zo da yaranta suka kwana biyu, suka bar mana gida kamar an yi sata. Baba kuwa yana nan yadda ka san shi, shi ne farkon buɗe gareji, shi ne ƙarshen rufewa.

Na zaɓi rubutu ne saboda duk lokacin da ka kira, Baba yana zaune a bencin nan na bakin ƙofa, kunnensa kuma ka san ba ya barin komai ya wuce. Maganar motarka ce, wadda ka bar mana ka ce in mayar maka da ita dodon titi kafin ka dawo. Shekara uku kana turo kaya ɗaya bayan ɗaya, har da turbo, na'urar nan mai cusa wa inji iska. Ka tuna na gaya maka fistin, ƙarfen nan mai hawa da sauka a cikin inji, in na zubi ne irin na motocin yau da kullum, ba zai jure wannan ƙarfin ba, fashewa zai yi. Shi ya sa na sa ka turo fistin ƙira, wanda aka daddanne ƙarfensa har ya yi tauri. Sai dai shi na ƙira yana da halinsa. In ya ji zafi yana kumbura fiye da na zubi, don haka dole a bar masa sarari mai ɗan yawa a cikin silinda, ramin da yake kai da komo a ciki. Saboda sararin nan, in an tayar da injin da safe zai yi ta ƙwas-ƙwas sai ya ɗumama tukuna. Haka aka yi shi, ba lalacewa ba ce.

Ranar Litinin na tafi ɗauko wata mota da ta mutu a hanya, na wuni a can. Ina dawowa na tarar Baba ya ɗora bulok ɗin injinka, wato gangar jikinsa, a kan na'ura ya yashe silinda huɗun duka da hannunsa. Ya ce aikin ɗansa na fari ba zai bar wa Auta ba. Yaya, shekarata talatin da shida, ina da furfura a gemu, har yanzu Auta nake a garejin nan. Ya yashe su irin yadda ya saba shekara arba'in, a matse, ko gashi ba zai shiga tsakani ba. Na auna sau uku don in ƙaryata idona. Da fistin zubi ne, ban taɓa ganin aiki mai kyau kamarsa ba. Da na ƙira kuwa, kana taka mota a babban titi injin zai yi zafi, fistin ya kumbura ya maƙale, ƙafafu su ƙame kana cikin gudu. Wannan ba zan ɗaura maka ba ko za a yanka ni.

Za ka ce to in ƙara yashewa a ɓoye mana, abu kaɗan ne. Na yi wannan tunanin har kaina ya yi ciwo. In na buɗa silindar, kullum da safe motar za ta yi wannan ƙarar a gaban Baba. Kai ma ka ji shi ba sau ɗaya ba yana cewa ranar da injin da ya yashe ya yi ƙara, ranar zai ajiye sifana ya koma gida. Ba wasa yake yi ba. Idonsa ya ragu sosai tun bara, ma'auni sai ya kai shi bakin ƙofa yana juya shi a hasken rana, ni kuma in yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur. In kuwa na zauna na yi masa bayanin bambancin ƙarfen, abin da zai ji kawai shi ne zamani ya wuce shi, kuma daga bakin Auta. Na gwada buɗe baki sau biyu, na fasa. Kai ka fita ka ga duniya, ni kuwa ko ƙusa zan ɗaure sai na waiga na ga fuskarsa. Ba ƙorafi nake yi ba, amma gaskiya na gaji, kuma ban ga ƙofar fita ba.

Jiya ya kira mai walda da mai fenti na kusa da mu su zo su gani. Ya shafa wa fistin ɗaya baƙin mai, ya saka shi a silinda, ya sake shi, yana sauka a hankali da nauyin kansa. Suka yi ta jinjina masa. Bayan sun tafi ya rage murya ya gaya mini cewa wata shida ke nan yana tsoron hannunsa ya tafi, ko Inna bai gaya wa ba, sai wannan aikin ya nuna masa da sauransa. Sannan ya tambaye ni ko na ga wani aibu. Na ce ban gani ba. Ya ce ranar Asabar shi zai haɗa injin da kansa.

Ga roƙona, kuma na san babba ne. Ka kira shi kafin Asabar ka ce ka canza shawara. Ka ce girma ya zo maka, ko matarka ta hana ka gudu, ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙin faɗa, na san na biyun ba ƙarya ba ne. Ka ce a bar turbo, a saka fistin zubi. Na riga na samo masu shiga ramin da ya yashe daidai. Motar za ta yi shiru, ta yi lafiya, sai dai ba za ta zama abin da ka yi shekara uku kana jira ba. Ni ma wannan ne injin farko da na tsara da kaina tun da na fara riƙe sifana, kuma ni ne nake roƙonka a fasa shi.

Ka gaishe mini da matarka da haƙurin zama da kai, da takwarar Inna, da ƙanenta mai kuka a waya. Inna da Yaya Babba suna gaishe ku. Baba ma ya ce in gaishe ka, in kuma gaya maka ka dawo da wuri ka ji injin da tsohonka ya yi maka.

Naka ƙane,
Auta